Kwamfuta ɗaya, yara saba'in: amsa ga wata malamar aji biyu a Azare

Wasiƙar wannan makon daga Azare ta fito. Na taƙaita ta saboda tsawonta:

"Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati, ina riƙe da aji biyu, yara saba'in. A zangon da ya wuce wata ƙungiya ta ba makarantarmu kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. Hedimasta ya damƙa mini ita don ni ce ƙarama a cikin malamai, wai mu ne 'yan zamani, alhali ban da WhatsApp da Facebook babu abin da na iya. Sai na fara kunna wa yara waƙoƙin Turanci a YouTube da datar wayata. Ranar farko turmutsutsu aka yi, har wata yarinya ta fasa leɓe a bakin benci. Yanzu duk sun haddace waƙar ABC, amma rabinsu ba sa iya karanta sunansu. Maigidana ya fara ƙorafi, ya ce albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata nake zubawa a data, ga shi dare ya yi ina fama da kwamfuta. Hedimasta kuma duk baƙon da ya zo sai ya kawo shi ajina a ɗauki hoto. Ina tsoron in mayar a ce na kasa, ina tsoron ta lalace a hannuna a ce in biya. Anti, in mayar ko in ci gaba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata Malama.

Kada ki mayar. Amma daga ranar Litinin ki daina kallon kwamfutar nan a matsayin ta yara. Taki ce. Keken ɗinki na tela ne, kuma ba sai mai riga ya hau keken ya taka ba kafin ya amfana da shi. Fuskar kwamfutar nan faɗinta bai wuce na faifai ba, kin ajiye ta gaban yara saba'in kin ce su kalla, to me zai hana turmutsutsu? Na bayan aji ba laifinsu ba ne, gani suke son yi. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ke kuma ki daina cin kanki a kai.

Kafin ki ji kamar ke kaɗai ce abin ya gagara, bari in ba ki labarin masu kuɗin da suka fi mu. Ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, kowane yaro da tasa. Da masu bincike suka bi sawu a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, amma makinsu na karatu da lissafi bai motsa ba. UNESCO ta sake ɗauko wannan misalin a rahotonta na 2023 kan fasaha a makarantu, don nuna abin da ke faruwa in an zube na'ura a aji ba a ɗinke ta da darasin malami ba. Su kowane yaro da tasa ke nan. Ke guda ɗaya aka ba ki, ba horo, ba ko sisin data.

Yanzu maganar waƙar ABC, don ita ta fi damuna a wasiƙarki, fiye da batun maigida ma. Waƙar nan sunayen haruffa take koyarwa da Turanci, ba sautinsu ba. Yaro ya haddace cewa harafin farko "ei" ne, sai ki rubuta masa "akuya", ya rasa ta inda zai kama. Abin da Bature ke kira "i" shi ne namu e, abin da yake kira "ai" shi ne namu i, shi kuwa c da suke kira "si" a wurinmu shi ne farkon cokali da ciyawa. Kin ga kina ɗora musu kaya biyu a kai guda. Alhali Hausar boko tana da wata baiwa: kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya riƙe wasula biyar, ya san sautin baƙaƙe, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, ya kama hanyar karanta duk abin da aka ajiye masa. In ya iya wannan da harshen da yake mafarki da shi, Turancin zai zo masa da sauƙi daga baya. A wannan aikin na haɗa baƙi da wasali, wallahi alli da allo sun fi kwamfuta, don na ƙarshen aji ma yana gani, kuma ba a ɗauke musu wuta.

Ku a Bauchi ma kun yi sa'a. Tun shirin NEI Plus da USAID ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato aka samar da littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, da na ɗalibi da jagoran malami. Ki leƙa ofishin hedimasta ko sito, ki tambayi tsofaffin malaman da aka horar a lokacin. In kin samu, shi ne ƙashin bayan darasinki. Kwamfuta mai hidima ce a gare shi.

To wace hidima? Babbar yunwar ajinki ita ce abin karantawa. Yaro ya koyi haɗa gaɓa, ya koma gida babu ko takarda ɗaya mai Hausa daidai ƙarfinsa, sai abin ya bi iska. A nan ne intanet ke da rana. Akwai rumbunan littattafan yara na kyauta masu hotuna, kuma akwai Hausa a cikinsu: African Storybook na Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, da Bloom Library. Ki shiga, ki zaɓi Hausa, ki zaɓi matakin farko mai jimla ɗaya ko biyu a shafi, ki sauke. In kin sauke sau ɗaya shi ke nan, yana cikin kwamfutarki, ba ya sake cin data. Bidiyon minti biyar da kike kunnawa kullum ya fi littattafai da yawa cin data, kuma gobe sai kin sake biya.

Sai dai ki karanta kowane littafi da kanki kafin ya isa gaban yara. Wasu fassara ce daga wasu harsuna, za ki tarar da Hausa mai ɗingishi. Wasu an zubar da ƙugiyoyin haruffa, an rubuta kafa a wurin ƙafa, baki a wurin baƙi, bari a wurin ɓari. Babba yana gane abin da ake nufi daga zancen, amma yaron da yau ya fara karatu abin da ya gani shi zai furta. Wasu kuma da ƙa'idar rubutun Nijar aka yi su, inda ake sa ƴ a wurin da mu muke sa 'y. Ba kuskure ba ne, amma ki sani don kada ya ruɗa miki yara. Akwai kuma labarin da hotunansa ko al'adar cikinsa ba za su yi wa iyayen Azare daɗi ba. Ki tsallake shi, ba wanda ya ɗora miki.

In kin zaɓi labari, hanya biyu ce. Ko dai ki rubuta jimlolin da manyan baƙi a allo, ku karanta tare, sannan ki ɗauki kwamfutar ki riƙa zagayawa layi-layi kina nuna hoton, kowa na zaune a wurinsa, da sharaɗin duk layin da ya miƙe an tsallake shi. Ko kuma ki sa a filash ki kai shagon masu buga takardu, a buga miki kwafi ɗaya, a yi fotokwafi kamar ashirin, kowane benci ya samu guda. Ki ɗinke bakin da zare da allura, ki yi masa bango da kwalin sabulu. Littafi huɗu kawai in kin yi a zango, a shekara kina da goma sha biyu, kuma 'yan ajin baɗi za su gada. Wannan shi ne abin da nake nufi da keken tela.

Abin da ya fi wannan daɗi ma shi ne ki yi naki. Wayarki tana ɗaukar hoto. Ki ɗauki akuyar gidanku, da rumbu, da mai ƙosai, da mai shayi, da amalanke, da a-daidaita-sahu a bakin tasha. Ki jera su shafi-shafi, ƙarƙashin kowanne ki sa gajeriyar jimla: "Ga akuya. Akuya ta ci dusa. Inna ta kori akuya." Yaro in ya ga abin da ya sani an mayar da shi littafi, wani irin zumuɗi yake yi da ba ya yi wa hoton dusar ƙanƙara da jirgin ƙasan Turai. In akwai PowerPoint a kwamfutar ya isa. In babu, LibreOffice kyauta ne kuma yana yin aikin. Akwai kuma manhajar Bloom ta kwamfuta wadda don haɗa irin waɗannan ƙananan littattafan aka yi ta, har tana iya nuna miki in kin sa kalma mai harafin da ba ku kai ba tukuna. Ki nemi salon rubutun da ake kira Andika, kyauta ne, don masu koyon karatu aka zana shi, a ɗinsa irin wanda kike rubutawa a allo ne, kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ. In ƙugiyoyin sun ba ki wahala a madannan kwamfuta, ki sa Hausa a Gboard na wayarki, ki rubuta a can ki tura.

Kada ki raina tsofaffin unguwa kuma. Ki roƙi wata kaka ta yi miki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ki naɗa a waya, da izininta. Ki kunna wa yara da 'yar lasifika, sannan ku fitar da kalmomi biyar daga ciki ku rubuta. Murya ba ta buƙatar kowa ya matso gaba, aji duka yana ji daga inda yake.

Bidiyo fa? Yana da wurinsa, amma kamar gishiri a miya. Ga Yankari nan a jiharku, amma yara nawa ne a ajinki suka taɓa ganin giwa tana tafiya? Minti biyu na giwa tana ɗiban ruwa da dogon hancinta, wanda kika riga kika sauke kika kalla tun daga farko har ƙarshe, sannan a rufe kwamfuta a koma allo: gi, wa, giwa. A nan na'ura ta yi abin da alli ba zai iya ba. Amma kunna YouTube kai tsaye a gaban yara, wannan ki bari har abada. Ba ke kike zaɓar tallar da za ta faɗo ba, ba ke kike zaɓar bidiyon da zai biyo baya ba. Rana ɗaya tak wani abin kunya ya bayyana, yaro ya kai labari gida, duk alherin da kika yi ya tafi. In za ki shiga aji, ki kashe data.

Na san za ki ce, to yaran ba za su taɓa ta ba ke nan? Za su taɓa, amma da tsari. Iyaye suna da gaskiya in suna son 'ya'yansu su saba, tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma mun ga manyan yara da hannunsu ke rawa a kan linzamin kwamfuta ranar jarrabawa. Sai dai ɗan shekara bakwai yana da shekara goma a gabansa kafin wannan ranar, kuma wanda ya iya karatu yana koyon linzami a yini guda. Ki sa manhajoji biyu, duka kyauta, duka ba sa buƙatar intanet in an riga an sa su. GCompris tana da wasanni sama da 100 na yara 'yan shekara 2 zuwa 10. Ki zaɓi waɗanda ba ruwansu da Turanci: ƙirga, haɗa hotuna masu kama da juna, koyon danna linzami. Tux Paint kuma ta zane ce, yaro ya zana gida ya rubuta sunansa a ƙasa. Ki raba ajin biyar-biyar, rukuni 14 ke nan. Rukuni biyu a rana, minti goma kowanne, a kusurwar aji lokacin da saura ke kwafar aiki. Cikin kwana bakwai na makaranta kowa ya samu. Ki rubuta jerin a bango don kada a yi gardama. Kuma ki ware rukunin mata daban, in ba haka ba mazan za su ƙwace linzamin, 'yan matan su zama 'yan kallo. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

Batun cewa ba ki iya ba, bai kai ki ji kunya ba. Ni da ke ba ki shawarar nan, ranar da aka fara zaunar da ni gaban kwamfuta a wani taron bita, mai koyarwa ya ce a ɗaga kibiya sama, sai na ɗaga linzamin sama da tebur ina jiran ikon Allah. An yi mini dariya, na yi tare da su. Ki samu ƙaninki ko wani ɗalibin kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a cikin dangi, ya zauna da ke Asabar biyu ko uku: buɗe fayil, ajiye fayil, sa abu a filash, ƙara girman rubutu. Iyakar abin da kike buƙata ke nan a yanzu. Ki yi rajista kuma a Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022. Kyauta ne, akwai darussa da Hausa. Ke za ki kalla a gida ki ga yadda wani ya jera darasin da za ki koyar, ki ɗauki abin da ya yi miki. Google Translate da manhajojin nan masu amsa tambaya kuwa, ki yi amfani da su da ido biyu. Hausarsu takan zame, kuma ke kin fi su sanin yadda ake magana a Katagum.

Mu zo kan maigida. Ƙanwata, yana da gaskiya, kuma gara ki gaya masa haka da bakinki. Kuɗin cefane ba na makarantar gwamnati ba ne. Ki ce masa kin yi tunani, daga yau kin yanke abin da za ki kashe a wata, kuma ki faɗi adadin. Da tsarin da na ba ki, sau ɗaya a mako kike buƙatar intanet. Kamfanonin waya suna da datar dare mai rahusa, ki tara duk abin da za ki sauke ki yi shi a zama ɗaya. Abin da wata malama ta riga ta sauke, ki karɓa ta Xender, kada ku biya sau biyu. Sauran darare kuma ki rufe ta. Ina zargin ba kuɗin ne kawai ke damunsa ba, ya dawo gida ne yana tarar da bayanki. Ki nuna masa littafin farko da kika haɗa. In kuna da ƙaramin yaro a gida, ki ba shi ya karanta wa babansa. Namijin da ya ga abin da aka yi da hannu yakan sassauta fiye da wanda ake ce masa "aiki nake yi".

Kuɗin fotokwafi kuma ki kai wa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ko taron iyaye da malamai. Kada ki je da dogon Turanci. Ki je da littafi ɗaya a hannu da yaro ɗaya da zai karanta shi a gabansu, sannan ki faɗi abin da kwafi ashirin zai ci.

Shi kuwa hedimasta, ki bi shi da ladabi amma ki kare kanki. Ki same shi shi kaɗai, ki ce, "Ranka ya daɗe, ina so a rubuta a littafin makaranta cewa kwamfutar nan ta makaranta ce, ga lambarta, ga halin da na karɓe ta, ga inda za ta riƙa kwana." Ku sa hannu ku biyu, da shaidar wani malami. Batir yana mutuwa don kansa, na'ura tana tsufa, kuma a rubuta cewa lalacewar da ba ta sakaci ba ba a wuyanki take ba. In ba a rubuta ba, ranar da ta ƙi tashi kowa zai manta cewa ba ke kika roƙa ba. Ki kuma nemi a ƙara miki malami ɗaya ku koya tare, don kada ranar da kika tafi haihuwa ko aka yi miki canjin makaranta komai ya tsaya.

Hotunan baƙi kuwa, ba zan ce ki hana shugabanki kawo baƙo ba, ba ki da wannan ikon. Amma fuskokin 'ya'yan mutane ba kayan talla ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, kin san akwai uban da in ya ga hoton 'yarsa yana yawo a Facebook gobe zai cire ta daga makaranta. Ki gaya wa hedimasta wannan, shi ma ba ya son rigimar iyaye. A ɗauka ta baya, ko a ɗauki hannuwa da littattafai. In baƙo ya zo, maimakon a jera yara gaban kwamfuta su yi murmushi, ki tayar da yarinya ɗaya daga bencin baya ta karanta masa shafi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don ki san ko tana yin man, ga ɗan gwaji. A makon nan ki zaɓi yara goma, kada ki ɗebo masu ƙoƙari kawai, ki haɗa da na tsakiya da na baya. Ki ba kowanne gajeren labari, ki duba agogon waya, ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya. Wasu sifiri za su samu, ki rubuta sifirin, kada ki ji nauyi. Ƙarshen zango ki maimaita da yaran nan goma da wani labarin mai irin wannan nauyin. Ki turo mini lambobin biyu, ina son in gani.

Hunturu na tafe, kuma ƙurar Azare ba ta da tausayi. Ki ɗinka wa kwamfutar jaka da ragowar atamfa, kada ki ɗora ta kan katifa tana aiki don kada ta toshe wurin shan iskarta, kada kuma ki bar ta a jone in ana wasa da wuta. In janareton maƙwabta ne ko na mai cajin waya, ki tabbata wutar ta daidaita kafin ki soka. Ki gaishe mini da yarinyar da ta fasa leɓe, ki sa ta a rukunin farko.